Kore da Ja

Fijon nan ta girme ni da shekara huɗu.
Baba ya bar mini ita da makulli guda,
da bashin taya biyu,
da magana ɗaya tak: “Kore take sha.”

Damina uku ina ba ta kore.
Tawa zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Tawa,
albasa a bisa, mutane a ciki,
allurar zafi kwance a tsakiya
kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Ran wata Lahadi, kasuwa na ci,
kore ya yanke a shagon Illa.
Yaronsa ya ɗago wani bido ja,
ya ce daga Kwatano aka kawo shi,
shekara biyar ba canji,
jikka uku da rabi don ni ne.
Na ce, a kan sauran koren?
Ya ce, “Direba, ruwa na faɗa da ruwa?”
Na biya. Na zuba.

Sati shida lafiya lau, har ina yabon kaina.
A na bakwai, hawan Badagishiri, rana tsaka,
allura ta zabura kamar kunama ta harbe ta,
tururi ya rufe mini gilashi.
Wata tsohuwa mai kaji a kwando ta ce,
“Ɗana, kai mu za ka yi ko dafa mu?”
Na kai hannu ga murfin radiyato,
wani dattijo ya make shi:
“Bari ta huce. Fuska ɗaya gare ka.”

Da igiya aka jawo mu garejin Nomau, bayan tasha.
Ya kwance tiyon ƙasa, ya tara kwano.
Abin da ya fito ba kore ba ne, ba ja ba,
kunun kanwa ne da ya kwana.
Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya dube ni:
“Tsamiya ka zuba cikin madara.”

Na ce, ashe jan nan mugu ne.
Ya ce, “Babu mugu a cikinsu.
Kowane da motar da aka yi shi dominta.
Taka tsohuwa ce, cikinta tagulla da dalma,
ba alminiyan irin na ƴan yanzu ba.
Launi kuwa rini ne, kowa na iya rinawa.
Bayan bido ake karantawa, ba fuskarsa ba.”

Sau uku ya wanke mata ciki.
Na nuna randar rijiya, ya girgiza kai:
“Leƙa butar shayinka in ka je gida,
farin ɓawon nan, shi kake so a injin?”
Ruwan batir ya aika a sawo,
a cika, a tayar, ta ɗumama, a zubar,
har abin da ke fita ya yi garai kamar hawaye.
Wata akuya ta nufo kwanon,
ya jefe ta da sifana:
“Zaƙi gare shi, kuma ajali ne.”

Magariba ta kusa, ya jera bido biyu a ƙasa.
“In za ka sauya, sai ciki ya zama wayam kamar yau.
In ka zaɓa kuma, ka zauna.”
Muka haska waya kan ƙananan baƙaƙen Faransanci,
ni ina karantawa da ƙyar, shi yana gyaɗa kai.
Na ɗauki kore.

Sai da zan rufe murfin injin na gani,
can ƙarƙashin baƙin mai, an karce da ƙusa:
wata da shekara, wata da shekara,
layi bakwai, rubutun Baba mai karkata hagu.
Na ari ƙusa wurin Nomau.
Hannuna bai kai nasa kyau ba,
amma na takwas ɗin ya fito.